Kujerar da Mai Ya Cinye

Babi na Bakwai

"Sake faɗa in ji. Wane irin tikiti ka ce ka yanka?"

Evdokia ta danne wayar a kunnenta, ta juya wa fasinjojin da ke layi baya. Daga can Atina, babban birnin Girka, saurayinta Lefteris ya amsa.

"Na ma'aikata."

"Na ma'aikata," ta maimaita a hankali. "Lefteris, duk kwanakin duniyar nan, yau ka zaɓa ka zo neman aurena da tikitin sai in an samu gurbi?"

"Ki tsaya ki ji mana."

"Ina ji. Ai ba ni da aikin yi."

Wannan cuta ce da ke cikin jinin ma'aikatan jirgin sama, kuma har yau ba a samo maganinta ba. In mutum ya shekara goma yana shiga jirgi kusan kyauta, sai ya riƙa ganin sayen tikiti irin na sauran jama'a abin kunya ne. Ya gwammace ya wuni a kan benci yana addu'ar wani ya makara. Evdokia ta san haka, don ita ma shekararta shida a ɗan filin jirgin tsibirinsu tana auna akwatuna tana liƙa musu takarda. Ba ta dai taɓa zaton cutar za ta tashi wa Lefteris a rana irin ta yau ba.

"Tikitin da aka sayar yuro sittin bara, yanzu ɗari huɗu da tamanin ne," ya ce. "Na saya wa Mama cikakke, don ita ba zan bar ta a benci ba. Ni kuwa da na duba jiya, kujeru goma sha ɗaya na gani babu kowa a kansu."

"Kai ba makaniken jirgi ba ne? Ba ka san abin da ya zauna a kan kujerun nan ba?"

Ya sani sarai.

Tun watan Afrilu tankin man filin jirgin ya bushe ƙarƙaf, jirgin ruwan da ke kawo man ya daina zuwa. Shi ya sa ma kamfani ya ɗauke Lefteris daga tsibirin ya mayar da shi Atina. Daga lokacin, duk jirgin da zai zo sai ya ɗauko man komawarsa a ciki. Titin sauka kuma gajere ne, daga ƙarshensa sai teku, jirgi mai nauyi ba zai iya tsayawa a kansa ba. To, nauyin man komawar nan shi ke cin kujerun mutane. Jirgin da ke zuwa kullum ya koma sau uku a mako, daga nan ya koma ranar Juma'a kaɗai.

"Na auna komai," in ji shi, muryarsa a dushe. "Tara na mai ne, biyu za su ragu. Ni na tsaya aka zuba man da safen nan, ni na sa hannu a takardar. Sai ga mutanenku na Amurka da suka taho biki. Akwai wata mata daga Baltimore mai akwati bakwai, kowanne sai mutum biyu sun kama. Ta biya kuɗin nauyi ko ido ba ta ƙifta ba. Yanzun nan aka kira sunana aka ce in koma gefe."

Evdokia ta runtse ido. Mace ɗaya ce a duniya ke zuwa daga Baltimore da akwati bakwai, Thiya Fotini, ƙanwar mahaifiyarta. Ta kuma san abin da ke cikin akwatunan: zannuwan gado, da labule, da tawul, kayan ɗakin amarya da uwarta ta aika a sayo tun hunturu, kuma ba don auren Lefteris aka sayo su ba.

"Mamarka fa?"

"Ta shiga. Na ce ta tafi, kar a ce babu wanda ya zo daga gidanmu. Zoben yana jakarta. Evdokia, zan nemi hanya, na rantse."

"Wace hanya? Iyo za ka yi? Jirgin ruwa sai gobe da yamma yake isowa, shi ma in ya ga dama. Mamata kuwa yau ta ce, kafin masu goge su fara." Ta mayar da wayar ɗayan kunnen. "Shekara biyu ina kuka a gaban matar nan kafin in samo mana ranar nan ɗaya. Na daina cin abinci, na daina zuwa rawa, dangi suka mayar da ni abin nuni. Kai kuma ka sayar da ita a kan kuɗin tikiti."

"Kar ki faɗi haka."

"Na faɗa. Kar ka sake kira na."

Ta kashe, ta cire wa wayar ƙara, ta wurga ta can ƙasan jaka. Ta juyo ta karɓi katin mutumin da ke gaban layi, wanda ya ji komai ya kuma yi kamar yana karanta bango.

Sharaɗin Kiriya Marigo, mahaifiyar Evdokia, ba mai tsawo ba ne. A gaban dangi ta gindaya shi, ranar Ista, tana yanka naman rago. Ta ce baƙon nan ɗan arewa, in da gaske yake, ya tako tsibirin nan da ƙafarsa ranar jajibirin bikin Waliyyi Yohanna, ya nemi auren a gaban kowa, ya ja Evdokia a gaban layin rawa. In ya yi haka ta ba shi. In bai zo ba, Minas, mijin da ita ta zaɓa mata, shi ne zai ja ta, kuma kar a sake ambata mata sunan wani makanike. A tsibirin nan kuwa, namijin da ya ja budurwa a rawar farko ta daren jajibiri, magana ta ƙare.

Ƙarfe biyu da rabi wata doguwar mota baƙa ta tsaya daidai inda aka rubuta ba a tsayawa. Minas ya fito ya zagayo ya buɗe wa Kiriya Marigo ƙofa. Shi ke da gidan mai ɗaya tilo na tsibirin, shi ke da ofishin tikitin jirgin ruwa, kuma tun da jiragen sama suka fara raguwa wuyansa ke ƙara kauri. Mutum ne mai ladabi ƙwarai, irin ladabin da ke sa ka ji kamar ka mare shi.

"Sannu da aiki, Evdokia," ya ce, ya ajiye mata kofi mai sanyi a kan tebur. "Mun zo tarbar Thiya Fotini. Yau dai jirginku zai zo ko? Ko shi ma man ya ƙare masa a hanya?"

"Zai zo. Ɗauke kofinka, nan wurin aiki ne."

Uwarta ta ƙare mata kallo. Mace ce da ba ta buƙatar a gaya mata labari, a fuska take karantawa.

"Kin yi kuka."

"Ban yi ba."

"Bai shigo jirgin ba ke nan." Ta ja numfashi, ta gyara ɗankwalinta. "Ban yi mamaki ba."

"Mama, nauyi ne ya yi wa jirgin yawa. Akwatunan Thiya ne suka sauke shi. Kayan da ke kika aika a sayo."

"To ni na ce ya zo a matsayin ragowar kaya? Fotini ta biya, ta shiga. Shi me ya hana shi?"

Nan ne ciwon yake. Haushi ya turnuƙe Evdokia har ta rasa wanda za ta fara da shi, Lefteris ne, ko uwarta, ko kamfanin da ke aiko mata da sanarwar soke jirgi ya bar ta da zagin mutane, ko waɗanda ke can wata duniya suna rigimarsu mai yana tsada a nan.

"Kwana ɗaya, Mama. Ki ƙara masa kwana ɗaya."

"Waliyyi Yohanna zai ɗaga ranarsa saboda makanike?"

"Ni 'yarki ce fa. Shekarata ashirin da tara. Ban taɓa roƙon ki komai ba sai wannan."

"Ke 'yar fari ce," in ji Kiriya Marigo, ta rage murya, wanda ya fi tsawa muni. "Sunan uwata ne a kanki. Gidan naki ne, zaitun naki ne, ƙanwarki Rinio ko cokali ba za ta ɗauka ba sai kin ba ta. Kina tsammani don kyanki aka yi haka? Don gidan ya kasance da hayaƙi ne. Wannan yaron naki, kamfani ya ce tashi ya tashi, ya ce zauna ya zauna. Bana Atina, baɗi ƙasar waje. In kin bi shi wa zai buɗe tagogin gidan? In zama ne ma, ga aikin naku nan yana mutuwa a gaban idonki."

Minas ya yi gyaran murya. "Ni fa ba na son a matsa mata, Kiriya Marigo. Amma maganar gaskiya, da ya kira ni da na ajiye masa ɗaki a jirgin ruwan ranar Talata. Kyauta ma. Baƙo ai abin girmamawa ne."

"Minas," in ji Evdokia, "in ka sake buɗe baki, a kan ma'aunin nan zan ɗora ka in liƙa maka takarda."

Ya yi murmushi ya ja da baya. Ya san yau ba sai ya ce komai ba.

Ana cikin haka Kiriyos Zakariyas, shugaban filin, ya leƙo daga ofishinsa ya yafito ta. Tsoho ne da ya ga buɗe filin nan da idonsa. Ya miƙa mata takardar da ta fito daga injin buga saƙo. Layi uku ne. Saboda ƙarancin mai da tsadarsa, kamfani ya dakatar da zuwa tsibirin daga yau har sai abin da hali ya yi. Har da godiya a ƙasa, wai sun gode da fahimtar fasinjoji.

"Wannan ne na ƙarshe, 'yata," ya ce. "Ki sallame shi da kyau."

Uku saura kwata jirgin ya sauka, farfelarsa na kaɗa ciyawar bakin titi. Thiya Fotini ce ta fara shigowa, da gilashi a ka da turare mai hawa kai, tana rungumar kowa tana zagin kamfanin da ya sa ta kwana biyu a Atina. Akwatunan suka biyo ta a kan amalanke, bakwai cif, an naɗe su da leda.

Daga can ƙarshe wata 'yar tsohuwa ta shigo cikin baƙaƙen kaya, rungume da kwalin alewar baklaba da aka ɗaure da jan zare. Ta tsaya tsakiyar ɗakin tana duban fuskoki. Evdokia sau ɗaya ta taɓa ganin ta a waya, amma idon Lefteris ne sak.

"Kiriya Stavrula."

"Ke ce." Tsohuwar ta shafa kumatunta. "Yau na fara shiga jirgin sama, 'yata. Kujeru goma sha ɗaya babu kowa, na ƙirga su. Na ce wa yarinyar jirgin ga wuri nan, ga ɗana can a tsaye, sai ta ce wai mai ne a kai. Na shafa kujerar, a bushe take."

Tsohuwar ta juya ta doshi Kiriya Marigo, don uwa ba ta ɓuya. Ta miƙa kwalin da hannu biyu.

"Ni ce uwar Lefteris. Daga Kavala, can arewa, na taso jiya da safe. Ɗana ya yi wauta, ba zan kare shi ba, in na koma zai ji a jikinsa. Amma ga ni na zo, ga zobe, na zo roƙon 'yarki."

Kiriya Marigo ba ta karɓi kwalin ba. Mutanen ɗakin duk sun zuba musu ido, har Thiya Fotini.

"Sannu da hanya. Ƙafarsa na ce, ban ce ƙafar uwarsa ba."

"Abin da ya fi ƙafarsa ya aiko miki."

"A nan ba ma ba da 'ya ga aike. In haka kuke yi a wajenku, ku ke nan. Mutumin da ya kasa biyan kujera ɗaya, da me zai riƙe gida?" Ta dubi kwalin. "Ki koma da shi, zafi ake yi, zai lalace."

Tsohuwar ta janye kwalin ta rungume, ta miƙe iya tsayinta, wanda bai kai kafaɗar kowa a wurin ba.

"Shekara talatin na yi ina jera ganyen taba na yi renon yaron nan, ba wanda ya taɓa mayar mini da kyauta. 'Yata, jirgin nan zai koma ko? Ki mayar da ni."

"Kiriya Stavrula, don Allah..."

"Ki mayar da ni kawai."

Kamar ba a yi komai ba, Kiriya Marigo ta buɗe jakarta ta fito da wani ƙunshin farin ƙyalle. Sarƙar gidan ce, jeri uku na tsabar zinariya, wadda 'yar fari ke sawa ranar biki tun kakannin kakanni. Ta zagayo bayan teburin da ba a yarda kowa ya shiga ba, ta rataya wa Evdokia a wuya a kan rigar aiki, ta ɗaure igiyar tam.

"Daga nan coci za mu wuce. Ki sallami jirginki ki same mu a mota."

Thiya Fotini ta tafa. Minas ya sunkuyar da kai irin na wanda ya ci ya kuma ƙi nunawa.

Evdokia ta zauna gaban na'urarta. Hawaye na zuba a kan madannai, ba ta share ba. Jirgin ya ƙone rabin mansa a hanya, yanzu ba shi da nauyi, kujeru talatin da tara ne babu kowa. Ta buga sunan tsohuwar, kati ya fito. Ta zauna tana kallon allon. Sai ta sake bugawa, wani katin ya fito.

"Mutum ɗaya ce, kati biyu na me?" in ji uwarta.

Evdokia ta miƙe, ta kai hannu bayan wuyanta. Igiyar ta ƙi kwancewa, ta ja da ƙarfi har ta kankare mata fata. Ta ɗora sarƙar a kan ma'aunin kaya, jajayen lambobi suka yi rawa suka tsaya.

"Kilo ɗaya da rabi," ta ce. "Ta yi nauyi, Mama. Jirgin nan ba zai ɗauka ba."

"Kin haukace ne?"

"Kin ce a rufe maganarsa in bai zo ba, to an rufe. Amma ba ki da ranar da za ki tozarta tsohuwa a gaban gari sannan ki ja ni rawa. Ni ma haushinsa nake ji, wallahi in na gan shi sai na kusa cire masa kunne. Amma ni zan cire, ba ke ba."

"In kika taka titin can, gidan na Rinio ne. Da sunan, da zaitun, da komai. Ko gawata ba ki da hurumi a kai."

Muryar uwar ta yi rawa a kalmar ƙarshe, kuma wannan rawar ta fi duk zagin shiga ran Evdokia. Tana son matar nan, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ta tsaya daƙiƙa biyu ko uwar za ta ce kwana ɗaya. Kiriya Marigo ta tsuke baki ta kau da kai.

"Rinio ta daɗe tana share gidan ai," in ji Evdokia. "Ta fi ni sanin inda tagogin suke."

Ta cire katin aikinta ta ajiye wa Kiriyos Zakariyas, ta ɗauki jakarta, ta karɓi kwalin baklaba daga hannun tsohuwar.

"Evdokia," in ji Minas a bayanta, "kin san babu wani jirgin bayan wannan?"

"Ni na karanta takardar."

Ba ta waiwaya ba har suka hau matakala. Aka rufe ƙofa. Ta ɗaura wa tsohuwar bel, ta ɗaura nata. Ta taga tana hango baƙar motar, da wata mace tsaye a jikin wayar shinge ba ta motsi. Farfelar dama ta fara juyawa.

"A kashe wayoyi don Allah," in ji yarinyar jirgin.

Sai a lokacin Evdokia ta tuna da tata. Ta lalubo ta a ƙasan jaka. Kira goma sha tara, duk nasa. A ƙasa akwai saƙo ɗaya, minti shida da shigowarsa.

"Kin ƙi ɗauka, kina da gaskiya. Ina cikin jirgin ruwa, mun bar tashar Piraeus yanzu. Na sayi tikiti, cikakke. Na san rawa za ta wuce ni, amma gobe da yamma zan durƙusa a ƙofar mamarki har sai ta gaji da gani na. Ki riƙe mini Mama. Ko me za su yi miki, kar ki motsa daga tsibirin nan."

Ta karanta sau biyu. Ta fizge bel ɗin ta miƙe, yarinyar jirgin ta ɗaga mata hannu daga kujerarta, don jirgin ya riga ya juya hanci ya fuskanci teku.

"Lafiya, 'yata?" in ji tsohuwar. "Shi ne? Me ya ce?"

Evdokia ta koma ta zauna. Injin ya ɗauki ƙara, kujerar ta manne da bayanta, titin ya fara gudu a ƙarƙashinsu. Man da Lefteris ya tsaya aka zuba da safe, ya sa hannu a kansa, bai rage ko ɗigo ba, zai kai ta Atina lafiya lau.

"Ya sayi tikiti," ta ce.